Masinjan Cikin Kwamfuta: Wanne Ya Cancanci A Ɗauka Aiki?

Duk wanda ya yi aiki a ofishin gwamnati ko na kamfani a zamanin tafireta ya san akwai wani ma'aikaci wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ranar da bai zo ba aiki kan tsaya cik. Wannan ma'aikaci kuwa shi ne masinja. Babban sakatare ba ya tashi daga kujerarsa ya tafi rajista neman fayil. Ƙararrawa yake bugawa, masinja ya leƙo, ya faɗa masa rabin sunan fayil ɗin, kafin ya gyara zama an dire masa shi a kan tebur. Masinjan kirki yakan gane abin da maigida ke nufi ko da ya faɗi sunan a karkace, domin ya riga ya san inda aka saba aikensa.

Yau kwamfuta ta haɗiye tafireta, ta haɗiye kabad ɗin fayil, ta kuma mai da ma'aikaci shi ne sakatare, shi ne masinjan kansa. Sai a tarar da akawu ya kama linzamin kwamfuta, watau abin nan da wasu ke kira ɓera, yana buɗe wannan jaka yana rufe waccan, yana neman takardar da shi da kansa ya ajiye a watan jiya, mai jiran takardar kuma yana tsaye a kansa. Domin maganin wannan wahala ne aka ƙago wasu ƙananan manhajoji waɗanda za a iya kira 'yan aike. Yadda suke aiki babu wuya. Mutum zai danna maɓalli biyu tare a kan allon rubutu, sai wani ɗan siririn akwati ya bayyana a tsakiyar fuskar kwamfuta. Ya rubuta harafi biyu ko uku na sunan abin da yake so, manhaja ce ko fayil ko adireshin intanet, ya danna Enter, abin ya buɗe, akwatin ya ɓace, hannunsa kuwa bai bar allon rubutu ba. Irin waɗannan 'yan aike sun yawaita a yanzu, kowanne da masoyansa masu cika baki a kansa, saboda haka ya kamata a jera su a duba wanne ya dace da wa.

Amma kafin nan akwai wata tambaya da masu tallarsu ba su cika son a yi ba. Shin da gaske ne allon rubutu ya fi linzami sauri? Gardamar tsohuwa ce. Tun lokacin da Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana linzami a birnin San Francisco na Amurka cikin watan Disamba na 1968, sa'an nan kamfanin Apple ya kai shi gidajen jama'a tare da kwamfutar Macintosh a 1984, ake ta ja-in-ja a kai. A 1989 Bruce Tognazzini, ɗaya daga cikin masu tsara yadda mutum zai yi hulɗa da kwamfutocin Apple, ya rubuta cewa a gwaje-gwajen da kamfaninsu ya yi, waɗanda aka gwada kullum cewa suke allon rubutu ya fi sauri, alhali agogo kullum linzami yake bai wa nasara. Dalilin da ya bayar shi ne, lokacin da mutum ke ɓatawa wajen tuno maɓallan da zai haɗa, hankalinsa ba ya lissafa shi. Masu suka sun ce bai fito da cikakken bayanin gwaje-gwajen ba, kuma suna da gaskiya. Duk da haka maganarsa ta nuna inda gizo ke saƙa, watau hadda. To, a nan ne ɗan aike ya yi wayo. Bai nemi mutum ya haddace maɓallai hamsin ba. Haɗi ɗaya tak ake haddacewa, na kiransa, sauran kuwa sunan abin da ake nema ne, wanda dama yana bakin mai nema.

Akwai kuma ma'aunin da za a iya dogara da shi. A 1980 wasu masana uku, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, sun wallafa ƙiyasin lokacin da kowane motsi ke ci a gaban kwamfuta. A lissafinsu, gwanin buga rubutu matsakaici yakan ci sakan 0.2 wajen danna maɓalli ɗaya, kai linzami kan abin da ake nufi yakan ci sakan 1.1, ɗauke hannu daga allon rubutu zuwa linzami ko komowa yakan ci sakan 0.4. In aka bi wannan lissafi, wanda ya ɗauki linzami, ya nufi Start ya danna, ya nufi manhaja ya danna, ya mai da hannunsa, ya ci sakan 3.4. Wanda ya kira ɗan aike da maɓalli biyu, ya rubuta harafi uku, ya danna Enter, ya ci sakan 1.2. Bambancin sakan 2.2 ke nan. In mutum ya yi haka sau 50 a yini, ya tsira da sakan 110, watau ko minti biyu bai cika ba. Duk wanda ya ce wa mai karatu ɗan aike zai ba shi awa guda a kowace rana ta wajen buɗe manhajoji, to ya yi masa romon baka.

Ribar tana wani wuri dabam. Tana wajen neman fayil ɗin da ya ɓuya cikin jaka ta biyar a cikin jaka ta huɗu, inda ake ɓata minti goma ana zufa. Tana kuma wajen tsare hankali, domin wanda ke tsakiyar rubuta rahoto, ya fita neman wata takarda da linzami, idonsa ya faɗa kan saƙon da ya shigo, sau da yawa ba ya komowa sai abin da ke ransa ya tsere. Da wannan ma'auni ya kamata a auna 'yan aiken nan, a bar batun kyan fuska da yawan ado.

A kwamfutocin Apple ne wannan sana'a ta yi girma, ko da yake ba su ne suka cika ofisoshin ƙasar nan ba. Dattijon cikinsu shi ne LaunchBar, na kamfanin Objective Development da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ya soma ne a tsakiyar shekarun 1990 a kan kwamfutocin NeXT, kamfanin da Steve Jobs ya kafa bayan ya bar Apple, ya kuma ƙaura zuwa Mac OS X a 2001. Shi ne ya yi suna wajen koyon gajerun sunaye. In mutum ya rubuta wasu harufa ya zaɓi wani abu sau ɗaya ko biyu, daga nan ya gane, duk lokacin da aka rubuta su abin zai sa a gaba. Sayensa ake yi.

Wanda ya fi shi tashe a zamaninsa shi ne Quicksilver, wanda Nicholas Jitkoff ya fara a 2003. Abin sha'awa game da shi shi ne an gina shi kamar jimla. Akwati na farko na abu ne, na biyu na aikin da za a yi da shi, na uku na wanda aikin zai faɗa wa. Mutum ya zaɓi takarda, ya zaɓi aikawa, ya zaɓi sunan wanda za a aika wa, shi ke nan. Jitkoff ya koma aiki da Google, ya kuma saki asalin rubutun manhajar ga jama'a a 2007. Daga nan Quicksilver ya shiga wani hali na rashin mai kula har wasu 'yan sa kai suka tallabe shi, suka fitar da fitowa ta 1.0 a 2013, shekara goma bayan haihuwarsa. Kyauta ne, amma koyonsa sai mai haƙuri, kuma yawancin masoyansa sun watse a shekarun da ya yi jinya.

Waɗanda suka watse, akasarinsu wajen Alfred suka nufa. Wasu ma'aurata ne a Ingila, Andrew da Vero Pepperrell, suka fito da shi a 2010 ƙarƙashin ɗan kamfaninsu Running with Crayons. Ainihinsa kyauta ne, yana buɗe manhajoji, yana neman fayil, yana lissafi, yana kai tambaya intanet. Mai son ƙarin aiki sai ya sayi abin da suka kira Powerpack, wanda ake biya sau ɗaya da fam na Ingila. A cikinsa ne ake samun ma'ajiyar abubuwan da aka kwafa, da gajerun kalmomi masu miƙewa su zama dogon rubutu, da kuma damar sarƙa ayyuka da yawa su zama umarni ɗaya, wadda ta zo tare da fitowa ta 2 a 2013. Alfred ba shi da nauyi, ba ya kuma takura wa mutum ya buɗe asusu. Aibinsa shi ne mai son ya more shi sosai sai ya zauna ya gina wa kansa, ko ya nemo abin da wasu suka gina.

Sabon jini shi ne Raycast, wanda Thomas Paul Mann da Petr Nikolaev, tsofaffin ma'aikatan Facebook, suka kafa a 2020. Abubuwa da yawa da Alfred ke sayarwa shi kyauta ya bayar da su, ya kuma buɗe rumbun ƙare-ƙare a cikin jikinsa, inda mutum zai ɗauko abin haɗa shi da kalanda ko GitHub ko Notion ba tare da ya fita ko'ina ba. Masu shirya manhaja sun rungume shi hannu bibbiyu. A 2023 ya fito da sashen biya mai ɗauke da ƙirƙirarriyar basira, a kan dala 8 kowane wata ga wanda ya biya na shekara, watau dala 96. A 2024 masu zuba jari suka ba kamfanin dala miliyan 30, a 2025 kuma ya soma gwajin fitowarsa ta Windows. A nan akwai abin lura. Kamfanin da ya karɓi kuɗin masu jari dole wata rana ya mayar musu da riba, kuma daga aljihun masu amfani da shi za ta fito. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Sai dai wanda albashinsa da naira yake zuwa, ya kuma ga yadda darajarta ta faɗi tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, yana da dalilin yin tunani sau biyu kafin ya ɗaura wa kansa biyan dala wata-wata saboda akwatin bincike.

Duk waɗannan kuwa a gidan wani suke haya. Apple yana da nasa ɗan aike, Spotlight, tun fitowar Tiger ta 2005, ana kiransa da Command da dogon maɓallin tazara. A 2014 aka ɗauko shi daga kusurwa aka kawo shi tsakiyar fuska, ya yi kama da Alfred har masu lura suka yi ta magana. A fitowar macOS Tahoe ta 2025 aka ƙara masa ikon aiwatar da ayyuka kai tsaye, kamar aika saƙo, da ma'ajiyar abin da aka kwafa. Wannan hali na Apple ba sabo ba ne. A 2002 ya fito da Sherlock 3 ɗauke da kusan duk abin da wata ƙaramar manhaja mai suna Watson ke sayarwa, har sunan Sherlock ya zama abin da masu sana'ar ke faɗa in babban kamfani ya cinye kasuwar ƙarami. Saboda haka mai Mac na yanzu, kafin ya sayi kome, ya fara ba Spotlight mako biyu. In ya ishe shi, ya huta. In bai ishe shi ba, kuma yana son ya biya sau ɗaya ya manta, Alfred ne nasa. Raycast ya fi dacewa da wanda yininsa ke ƙarewa cikin kayan aikin shirya manhaja, kuma sashensa na kyauta ya wadatar da yawancin mutane.

To, sai Windows, inda mafi yawan masu karatu suke. Abin mamaki shi ne ma'aikata da yawa ba su san suna da ɗan aike a gida ba. Tun fitowar Windows Vista a 2007, in mutum ya danna maɓallin nan mai tambarin taga ya soma rubutu, bincike ya fara ke nan. Wajen buɗe manhajoji wannan ya isa. Inda yake gazawa shi ne neman fayil, domin ya dogara ne da wani kundi da Windows ke tattarawa a hankali, wanda a tsarinsa na asali wasu jakunkuna kawai yake dubawa. Ga shi kuma yana cakuɗa amsar da ke cikin kwamfuta da ta Bing, sai mutum ya nemi takardar albashi a kai shi intanet.

An daɗe ana neman maganin wannan. Launchy na Josh Karlin ya fito, ya yi zamaninsa, sa'an nan aikinsa ya tsaya. Bayansa Wox ya zo, shi ma kyauta, asalin rubutunsa a buɗe. Daga jikin Wox ne aka samu 'ya'ya biyu da suka fi shi suna. Na farko shi ne PowerToys Run, wanda Microsoft da kansa ya fitar cikin watan Mayu na 2020 a cikin tarin kayan aikin da ake kira PowerToys, sunan da ya samo asali tun zamanin Windows 95. Ana kiransa da Alt da maɓallin tazara. In aka fara da alamar daidai sai ya yi lissafi, in aka fara da alamar tambaya sai ya nemi fayil, yana kuma iya kai mutum kan duk wata taga da ke buɗe. A 2025 Microsoft ya fito da magajinsa, Command Palette, a cikin tarin dai, wanda aka tsara domin karɓar ƙare-ƙare. Amfaninsu shi ne daga mai gidan suka fito, saboda haka jami'in kula da kwamfutoci na ma'aikata ba zai cika yin gardama a kansu ba. Aibinsu biyu ne. Tarin PowerToys yana da nauyi, saukar da shi kan ci ɗaruruwan megabait, abin da mai sayen data da kuɗinsa zai ji a jikinsa. Sa'an nan wajen neman fayil, da kundin Windows ɗin nan dai suke dogara, sai an nemo musu ƙari daga waje. Ɗa na biyu shi ne Flow Launcher, na 'yan sa kai, mai rumbun ƙare-ƙare, wanda ya fi sauƙin sarrafawa ga mai son gyare-gyare.

Amma in za a faɗi gaskiya, abin da ya fi amfani ga akawu ko malamin makaranta ko mai shagon buga takardu ba cikakken ɗan aike ba ne ma. Wata 'yar manhaja ce mai suna Everything, ta David Carpenter, wadda aikinta ɗaya ne, neman fayil da sunansa. Sirrinta shi ne ba ta bin jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. Kowane faifan ajiya da aka tsara da tsarin NTFS, wanda shi ne na Windows, yana da wani babban jadawali da ke ɗauke da sunan kowane fayil da inda yake. Everything wannan jadawali take karantawa kai tsaye, sa'an nan ta riƙa bin littafin da faifan ke rubuta duk wani canji a ciki. Masu ita sun ce sabuwar Windows 10 mai fayil wajen 120,000 cikin kamar sakan ɗaya take tattara ta, fayil miliyan ɗaya kuma kamar minti ɗaya. Bayan haka, kafin mutum ya gama rubuta suna amsa ta fito. Girmanta bai kai megabait 5 ba, kyauta ce, tana kuma gudu a kan tsofaffin kwamfutocin gwanjo waɗanda sababbin manhajoji ke sa su nishi. Iyakarta ita ce da suna take aiki. Wanda ya saba sa wa takardunsa suna irin Document1 da Document2 ba za ta yi masa maganin kome ba, haka kuma filashin da ba na NTFS ba sai an nuna mata shi da hannu. Flow Launcher yana iya ɗaukar ta ta zama idonsa, kuma wannan haɗi, na Flow Launcher da Everything, shi ne ya fi kusa da masinjan kirki a kan Windows ba tare da an kashe ko kwabo ba. Akwai kuma Listary, mai shiga har cikin tagar buɗewa da ajiyewa, da Keypirinha, mara nauyi amma sai an saita shi da rubutu. Waɗannan na masu sha'awa ne.

Na Linux ba sa bukatar dogon bayani, domin masu amfani da shi sun san hanya. KRunner yana cikin jikin KDE, GNOME kuma da an danna maɓalli ɗaya aka soma rubutu bincike ya tashi, ga Ulauncher da Albert da Rofi ga mai son ƙari. Dalilin ambatonsu shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda ya yanke shawarar mai da tasa Linux ba zai rasa ɗan aike ba.

Daga Linux ɗin ne ma aka samu darasin da ya fi kowanne nauyi a wannan batu. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu 12.10, inda abin da mutum ya rubuta a akwatin binciken kwamfutarsa ke tafiya wajen kamfanin, a dawo masa da tallar kayan Amazon tare da fayilolinsa. Richard Stallman, jagoran masu fafutukar 'yancin manhaja, ya kira abin leƙen asiri, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a fitowar 16.04 ta 2016 aka kashe shi sai wanda ya ga damar kunnawa. Masinja dai shi ne ya fi kowa sanin sirrin ofis, domin ta hannunsa kome ke wucewa. Haka ɗan aiken kwamfuta. Ya san sunan kowace takarda, ya san abin da aka nema da lokacin da aka neme shi. Binciken Start na Windows yana aika abin da aka rubuta zuwa Bing, Spotlight ma yana aika tambayoyi zuwa Apple domin kawo shawarwari sai in an kashe wannan a saiti. Duk abin da aka miƙa wa sashen ƙirƙirarriyar basira mai aiki ta intanet kuwa, to ya bar kwamfutar ya tafi injinan wasu.

Wurin da ya fi hatsari shi ne ma'ajiyar abin da aka kwafa. Amfaninta a bayyane yake, mutum ya kwafi abu goma ya riƙa ɗaukowa ɗaya ɗaya. Windows ma tana da tata tun 2018, ana kiran ta da maɓallin taga da harafin V, tana riƙe abu 25. Amma a tuna da abin da ma'aikaci ke kwafa a yini: lambar asusun banki, lambar BVN, lambar NIN ta wani bawan Allah da ya zo cike fam, wani lokaci har kalmar sirri. A kwamfutar da mutum uku ke karɓa-karɓa a ofis, ko a shagon da ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, duk wanda ya zauna bayan wani yana iya buɗe ma'ajiyar ya ga abin da na gabansa ya kwafa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Saboda haka a irin wannan kwamfuta a bar ma'ajiyar a kashe. A kwamfutar mutum shi kaɗai kuma, a rage kwanakin da take riƙe abu, a kuma hana ta ɗaukar abin da ya fito daga manhajar ajiye kalmomin sirri, domin Alfred da Raycast duk suna da wurin saita haka. Ƙare-ƙaren da ake saukowa da su ma a yi hattara, gama kowannensu manhaja ce mai gudu da irin ikon da mai kwamfutar ke da shi. A ɗauko ɗan aike daga shafin masu shi ko daga rumbun Microsoft, kada a karɓe shi daga filashin mai gyara tare da tarkacen da ya saba zubawa.

Saura magana ɗaya da ta shafi mai rubutu da Hausa musamman. A zamanin tafireta, wanda injinsa ba shi da harufa masu ƙugiya sai ya buga k ko d ko b, in ya gama ya bi su da alƙalami yana lanƙwasa musu kai. Yanzu Windows tana ɗauke da tsarin allon rubutu na Hausa, akwai kuma Keyman ga mai son wani tsarin. Wanda ba ya son sauya allo yana iya amfani da gajerun kalmomi masu miƙewa, ya saita cewa duk lokacin da ya buga waƙafi mai ruwa da k, a mai da su ƙ, haka ɗ da ɓ. Alfred mai Powerpack da Raycast suna yin wannan, a kan Windows da Linux kuma akwai Espanso, wanda kyauta ne. Ta wannan hanya ce kuma sakatare zai ajiye doguwar gaisuwar buɗe wasiƙa ko adireshin ma'aikata ya riƙa kiransu da harafi uku.

Sai dai akwai tarko wajen bincike. A tsarin Unicode, wanda kwamfutoci ke gane harufa da shi, harafin Faransanci irin é ana iya warware shi ya zama e da 'yar alama a kai, shi ya sa masu bincike ke iya yin watsi da alamar cikin sauƙi. Amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne harafi ne mai zaman kansa, ba ya warwaruwa. Wasu manhajoji an koya musu su ɗauki ƙ tamkar k, wasu kuwa ba a koya musu ba. Sakamakon haka, takardar da aka sa wa suna Kasafin Kuɗi tana iya ƙin fitowa in aka rubuta kudi, mai nema ya ɗauka ta ɓace alhali tana nan. Gwajin bai fi minti ɗaya ba. A buɗe sabon fayil a sa masa suna ƙasa, a kira ɗan aiken a rubuta kasa. In ya kawo shi, madalla. In bai kawo ba, sai ofis ya zauna ya tsai da ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi wajen sa wa fayil suna, ko da ƙugiya ko babu, a rubuta ta a manna a bango kusa da kwamfutar.